Tsare gida daga ɓarayi a arewacin Kamaru: tambayoyin da magidanta suka fi yi

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin magidanta, 'yan haya da matan aure, daga Ngaundere har Kusseri, musamman a makon da aka shiga gidan wani a unguwa. An fara da na asali, sannan na na'urori, sannan na doka. Inda amsa ta jingina da wata, an nuna.

Ba ni da kuɗin yin komai lokaci guda. Daga ina zan fara?

Fara da abin da ba ya cin ko sisi. Ka zagaya gidanka ta waje, sau ɗaya da rana, sau ɗaya da dare, kana tambayar kanka: da makullina ya ɓace, ta ina zan shiga? Wurin da ya fara faɗo maka a rai, shi ɓarawo ma zai fara gani. Da wuya ya zama ƙofar gaba. Yawanci katangar bayan banɗaki ce da ta fi sauran gajarta, ko ragowar bulon gini da aka jibge a gindinta tun bara, ko reshen darbejiya da ya tsallako daga titi, ko ƙofar kicin da sakatarta ta daɗe tana lilo.

Bayan nan kuɗi su bi wannan tsari: ƙofa da makulli, taga da rufi, haske, ƙararrawa, sannan kyamara a ƙarshe. Mutane da yawa suna juya tsarin, su fara da kyamara domin ita ake gani. Ɓarawo kuwa abu biyu yake lissafawa, lokacin da aikin zai ci da ƙarar da zai tayar. Duk abin da ya ƙara masa ɗaya daga cikin biyun nan ya cancanci kuɗinka.

Wane lokaci aka fi shiga gidaje?

Akwai na dare, akwai na rana. Na rana yana jiran sa'ar da unguwa ta yi shiru: lokacin sallar Juma'a, safiyar idi, ko ranar da mata suka tafi suna. A watan azumi, lokacin tarawihi da tahajjudin goman ƙarshe. Ranar biki ma haka, sai dai ita cika ce ke ba shi dama, domin duk wanda ya ga baƙuwar fuska sai ya ɗauka dangin ango ne.

Na dare yana bin yanayi. Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, ruwa yana dukan kwano har ba ka jin ana sarar ƙarfe a bayan ɗakinka. Da bazara, a Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa da Marwa ke haura digiri 40, kowa ya baje a tsakar gida, ɗakuna a buɗe, wayoyi a gefen tabarma. Wannan ba sai an fasa komai ba, tsallako katanga kawai ake yi a kwashe. Idan za ku kwana waje, ku kulle ɗakunan, wayoyi su kwana ciki, a bar ƙarama guda a jikin maigida.

Sai kuma lokutan da kowa ya san kuɗi sun shigo: bayan biyan kuɗin auduga, bayan an sayar da albasa ko masakwa, da makonnin da ke gaban babbar sallah.

Ƙofata ta ƙarfe ce. Ba ta isa ba?

Ƙyauren ƙarfe ba ya tsare komai idan abin da ke riƙe da shi ba shi da ƙarfi. Dubi firam ɗin. Idan ɗan siminti kawai aka shafa masa a gefe, ƙarfe ɗaya za a zura a banƙare shi, ƙofar ta fito da makullinta a kulle. Firam nagari yana da ƙafafun ƙarfe aƙalla uku a kowane gefe, an binne su cikin bango da kankare. Dubi hinjis kuma: in suna ta waje, ana iya buge ƙusarsu a cire ƙyauren gaba ɗaya. Mai walda zai iya toshe kan ƙusar, ko ya dasa gajerun ƙarafa biyu a gefen ƙyauren, masu shigewa cikin firam idan an rufe.

Da dare, ba makulli ne ya fi tsare ka ba. Sakata biyu ne daga ciki, ɗaya sama ɗaya ƙasa, ko doguwar sandar ƙarfe da ake gittawa. Ba su da ramin makulli da za a yi wa dabara daga waje. Kuma kada ƙofar gida ta cinye kuɗin duka, a bar ƙofar ɗakin kwana ta falange. Dalilin yana cikin amsar da ke kan abin yi idan an riga an shigo.

Wane irin kwaɗo ko makulli zan saya?

Kafin kwaɗon, dubi abin da aka rataya shi. A gidaje da yawa za ka ga ƙaton kwaɗo mai sheƙi a rataye jikin ɗan siririn ƙarfe, wanda aka ɗaure da ƙananan noti huɗu, kawunansu suna kallon titi. Yaro ma zai kwance su da sukundireba bai taɓa kwaɗon ba. A yi wa wannan ƙarfen walda, ko a sa noti mai ratsa ƙyauren a ɗaure ta ciki.

Shi kwaɗon, raunin sa yana wuyansa, nan ake sa almakashin ƙarfe ko zarto. Nemi mai gajeren wuya mai kauri, ko irin zagayayyen nan da wuyansa ke ɓoye. In ba a samu ba, mai walda ya yi masa ɗan akwatin ƙarfe a jikin ƙofa, wanda hannu kawai zai shiga ta ƙasa. Kwaɗunan araha da ake zubawa a faifai a kasuwa, sau da yawa makullin wannan yana buɗe wancan, gwada ka gani kafin ka biya. Makullin da ake dasawa cikin ƙofa kuma, kada hancinsa ya leƙo waje sosai, domin da filaya ake kama shi a karya.

Abu ɗaya da ake mantawa: kwaɗo a rataye ta waje sanarwa ce cewa ba kowa a gida. Idan da hali, ƙofar titi ta zama mai makullin ciki, yadda mai wucewa ba zai bambance ba.

Taga da rufi fa? Na ji ana shiga ta sama.

Ana shiga. A ɗaga kwano ɗaya, a taka silin a diro. Haka ake yi wa shaguna, da ɗakunan haya masu jere inda bangon tsakani bai kai kwano ba, wanda ya hau silin ɗaki ɗaya ya samu hanyar duk sauran. Maganinsa a ɗaga bangon har ya taɓa rufi, ko a shimfiɗa ragar ƙarfe a saman silin ɗakin da ake ajiya. Ramin na'urar sanyaya ɗaki da aka cire ma ƙofa ce, a toshe shi da bulo, ba da kwali ba. A gidan ƙasa kuwa bangon baya ake jiƙawa a haƙa, don haka kada buhunan hatsi su jingina da bangon da ke kallon lungu.

Ƙarfen taga a binne shi cikin bango, tazararsa kada ta wuce faɗin tafin hannu. A sa raga mai ƙarfi ta ciki, domin akwai masu zuro sanda su janye wando ko jaka daga kan ƙusa.

Amma a kiyaye: gidan da aka datse ko'ina da ƙarfe, ranar gobara shi ne tarko. A kowane sashen kwana a bar taga guda da ƙarfenta ke buɗewa ta ciki, makullinta a rataye a wurin da manya da yara masu wayo suka sani, kuma ana iya lalubo shi cikin duhu. Ko mai walda ya ce ba a saba yin haka ba, ka dage.

Fasassun kwalabe a kan katanga suna aiki? Ko in sa waya mai ƙaya? Wani ya ce in haɗa mata wuta.

Kwalabe suna hana yara da ɓarawon tsautsayi. Wanda ya zo da shiri tsohon bargo ko buhu zai jefa a kai ya haye. Naɗaɗɗiyar waya mai reza ta fi, in an ɗaure ta da kyau kuma ba a bar giɓi a kusurwa da saman ƙofa ba. Doguwar katanga kuma tana da nata aibin, domin da zarar mutum ya dira ciki, maƙwabta ba sa ganin abin da yake yi.

Batun wuta: kada ka kuskura ka haɗa wayar katanga da wutar gida kai tsaye. Tana kisa, kuma wanda za ta fara samu yawanci ba ɓarawo ba ne, yaron da ya hau ɗauko ƙwallo ne, ko matarka da ta shanya jiƙaƙƙen zane. Kai za a kama. Shingen lantarki na gaskiya yana da na'urarsa mai aika gajeren bugu ɗaya bayan ɗaya, mai girgiza mutum ba tare da ya riƙe shi ba, da allon gargaɗi, kuma gwani ne ke haɗa shi.

Ana yawan ɗauke wuta. Yaya zan yi da hasken waje?

Kada tsaron gidanka ya dogara da wutar gari. Yankunan arewa uku sun daɗe suna rataye da madatsar ruwa ta Lagdo a kan kogin Binuwai, wadda aka gama a 1982, kuma idan ruwa ya ja baya da rani wutar ma sai ta ja. Tashoshin hasken rana na Marwa da Gider da aka buɗe a 2023 sun rage raɗaɗin, amma har yanzu duk abin da ka sa don tsaro ya zama yana da batirinsa.

Fitilar sola mai kamawa idan ta ji motsi ita ta fi dacewa. A kafa ta sama inda hannu ba ya kai, tana haska ƙofa, lungu da bayan gida, tana kallon waje ba idon mai gida ba. Da hunturu ƙura tana rufe faifan solar har batir ya daina cika, fitilar ta mutu kafin asuba, wato daidai lokacin da ake bukatarta. A riƙa goge shi duk mako. Zafi kuma yana kashe batir da wuri, don haka na gida a ajiye shi a inuwa inda iska ke ratsawa.

Kyamara tana hana sata?

Tana hana wasu, musamman wanda ya san za a gane fuskarsa a unguwa. Wanda ya naɗe kai da rawani bai damu da ita ba. Babban amfaninta shaida ce bayan an yi, da kuma ganin mai ƙwanƙwasa ƙofa kafin a buɗe.

In za ka sa, ga inda ake yawan kuskure. Ana kafa ta can ƙololuwa, sai ta riƙa ɗauko saman hula. Wadda ke ƙofa ta kasance ƙasa-ƙasa yadda za ta kama fuska, wata kuma daga sama tana kallon ita ta ƙasan. Ana ajiye akwatin naɗar hoto a falo kusa da talabijin, ɓarawo ya haɗa da shi ya tafi. A ɓoye shi a wani wuri, da batirinsa. Ana barin lambar sirrin da aka sayo ta da ita, ko wadda mai haɗawa ya sa, alhali duk wanda ya san ta yana iya kallon gidanka daga wayarsa. Canja ta ranar da aka gama aiki. Da dare kuma hasken kyamara yana jawo ƙwari, gizo-gizo ya yi saƙa a bakin gilashin, hoton ya zama fari fat. Tsumma da tsani kawai yake so.

Mai aiki da sola da layin waya ta dace da gidan da ba a gama ba, ko garke, amma tana cin data, kuma in layin ya daɗe ba a sa masa kuɗi ba za a rufe shi. Sannan a kula da mutunci: kada ta leƙa tsakar gidan maƙwabci, kuma cikin gida inda mata ke harkokinsu ba wurinta ba ne.

Ƙararrawa fa, ta fi kyamara?

Ga mai barci a cikin gida, ta fi, domin tana tashe shi tun ana waje. Mafi sauƙinta 'yar na'ura ce mai maganaɗisu, ɓari ɗaya a jikin ƙyaure ɗaya a firam, da an raba su sai ta ɗau kuka. Da ƙaramin batir take aiki. Akwai kuma mai ɗaukar layin waya, wadda ke kiran lambobin da ka sa mata. Sa lambar wanda zai iya isowa da ƙafa, ba ta ɗan'uwanka da ke Yawunde ba.

Mai jin motsi tana da hali biyu da ya kamata a sani. Zafin jiki take ji, tana bambance shi da na wurin. A daren bazara, lokacin da bango ya sha rana har ɗuminsa ya kusa na jikin mutum, jinta yana raguwa. Ga shi kuma akuya da kyanwa ma suna tayar da ita. In ta yi kukan banza dare uku a jere, na huɗu ba wanda zai leƙo. Don haka cikin ɗaki da baranda ta fi dacewa, ba tsakar gidan da dabbobi ke yawo ba.

Ya halatta in ajiye kare don gadi?

Hadisi ya yi rangwame ga karen farauta, na kiwo da na gona, kuma malaman Malikiyya da yawa sun haɗa da gadin gida idan akwai bukata. Ka tambayi malaminka kan halin da kake ciki. In ka ajiye, wurinsa waje, a ciyar da shi, a yi masa allurar haukan kare a wurin likitan dabbobi, kada a sake shi titi. Amfaninsa haushi ne, ba cizo ba, kuma ana iya jefo masa nama mai guba kwana ɗaya kafin a zo. Karen da ya mutu haka kawai gargaɗi ne. Wanda ba ya son kare, zabi da dinya ma ba sa ganin baƙo su yi shiru.

Zan ɗauki maigadi. Me zan duba?

Wanda ya tsaya masa. Ka san garinsu, ka san wanda ya kawo shi, ka ajiye hoton katin shaidarsa, ka kai shi wurin jauro ko mai unguwa a san da zamansa. In ta kamfani ne, kamfanonin gadi a Kamaru suna ƙarƙashin dokar 1997 kuma sai da izinin hukuma suke aiki, ka nemi ganin takardarsu.

Sai ka riƙe shi da kyau. Tun 2023 mafi ƙarancin albashi a ayyukan da ba na gwamnati ba kuma ba na noma ba sefa 60,000 ne a wata. Mutumin da ya wuni yana dako a kasuwa saboda abin da kake ba shi ba ya kai shi ko'ina, barci zai yi a ƙofarka, kuma ba laifinsa ba ne. Ba shi tocila, usur, waya da kuɗi a ciki, rumfa da gidan sauro. Aikinsa ya gani ya tayar da mutane, ba ya yi dambe da masu adda ba. Makullin ɗakunan ciki kuma ba nasa ba ne.

Ana cewa yawanci da hannun na gida. To in daina yarda da kowa ke nan?

A'a. Amma da ɗan gari akan ci gari, kuma ɗan garin nan sau da yawa bai ma san ya taimaka ba. Yaro ne ya faɗa wa abokansa Baba ya kawo kuɗi a leda. Amarya ce ta sa hoton akwatunan lefe da sarƙoƙi a WhatsApp. Maigida ne ya tsaya a bakin shago yana waya da ƙarfi, yana cewa gobe zai karɓo kuɗin shanu. Ɓarawon da ya wuce talabijin ya nufi ƙasan katifa kai tsaye, labari ya samu.

Masu gyaran wuta, famfo ko silin, a tsaya tare da su har su gama. Wanda ya zo da sunan ma'aikacin wuta ko ruwa, ya nuna kati daga waje, kuma in maigida ba ya nan ya dawo. Makulli kada ya kwana ƙarƙashin bulo ko cikin tsohon takalmi a zaure, wuraren nan kowa ya san su. In ɗaya ya ɓace, ko wani mai riƙe da shi ya bar aiki, a canja makullin ranar.

Ina zan ajiye kuɗi da zinari?

Kuɗi masu yawa kada su kwana a gida. Ga banki, ga Orange Money da MTN Mobile Money, sai dai lambar sirrin kada ta zama shekarar haihuwa, kuma kada a rubuta ta a bayan waya. Uwar adashe ta fi kowa bukatar jin wannan, domin kowa ya san ranar zubi. Zinari a raba shi wuri biyu, a ɗauki hotonsa, a adana rasit. Ƙasan katifa, cikin durowar gado da saman sif su ne wuraren farko da ake birkitawa. Akwatin ƙarfe kuma in ba a dasa shi cikin bango ko daɓe ba, ɗauka za a yi a buɗe a daji. Takardun fili da na makaranta, a ajiye kwafinsu a wani gida.

Maigidana direba ne, yana hanyar Ngaundere zuwa Kusseri, sai ya yi kwanaki ba ya nan. Ni da yara ne kawai. Me zan yi?

Hajiya, abu na farko kada tafiyarsa ta zama labarin unguwa. Yara su koyi cewa "Baba ba ya kusa, wa za a ce?" maimakon "ya yi tafiya". Bayan isha'i ba a buɗe wa kowa ƙofa, ko da ya ce saƙo ya kawo daga maigida, sai kin kira shi kin ji daga bakinsa. Ki kwana da yaran a ɗakin da ya fi ƙarfin ƙofa, waya da caji, usur a kusa da filo. Ki samu gida biyu na maƙwabta da kuka yi alkawari cewa in kin kira cikin dare, ko ba ki yi magana ba, su fito da mutane.

In gidan gaba ɗaya za a bari, kamar lokacin aikin Hajji ko zuwa ƙauye sallah, ya fi a sa wani amintacce ya kwana. In ba a samu ba, maƙwabci ya riƙa share ƙofar gida yana kunna fitila. Ganyen da ya taru a bakin ƙofa yana ba da labari. Hotunan tafiya a jira sai an dawo.

Haya nake, gidan yawa. Ba zan iya fasa bango ba.

Canja makulli ranar da ka tare, domin ba ka san mutum nawa suka riƙe na da ba. Ƙara sakata ta ciki, sa 'yar ƙararrawar maganaɗisu da aka ambata a sama, leƙa saman silin ka ga ko bango ya kai kwano. In bai kai ba, yi magana da mai gida a gyara a cire a kuɗin haya. Ƙofar gida kuma ku 'yan haya ku tsayar da lokacin rufe ta da wanda ke rufewa, domin ƙofar kowa ita ce ba ta da mai ita.

Babur da ragon layya fa?

Makullin wuyan babur da ƙafa ɗaya ake karya shi. A dasa zoben ƙarfe cikin daɓe, a ɗaure babur da sarƙa mai kauri ta jikinsa, ba ta taya kaɗai ba. Rubuta lambar inji da ta jiki, takardunsa kuma kada su zauna ƙarƙashin kujera. Akwai ƙaramar na'urar bin sawu mai layin waya da ake ɓoyewa a ciki, tana taimakon masu haya da babur sosai. Rago kuwa a cikin gida zai kwana, nesa da katanga, da ƙararrawa a wuya.

Muna so mu kafa 'yan sintiri a unguwa. Yaya ake yi?

Ta hannun jauro ko lawan, da sanin sufurfe, wato jami'in gwamnati mai mulkin gunduma, da jami'an tsaro. A yankin Arewa Mai Nisa an san kwamitocin sa ido tun lokacin da rikicin Boko Haram ya tsananta, kuma hukuma tana son sanin sunan duk wanda ke ciki. A zaɓi mutanen da aka san iyayensu, a rubuta kuɗin da ake tarawa a fili. Aikinsu tocila, usur da kira. In sun kama mutum su miƙa shi, ba su da hurumin duka ko yanke hukunci. Ko ba sintiri, zauren WhatsApp na layi ɗaya da usur a kowane gida suna aiki, in dai an hana tura wa'azi da tallan atamfa a ciki.

In na farka na ji suna ciki, me zan yi? In nemi bindiga ne?

In suna tsakar gida kai kana ɗaki a kulle, kada ka fita. Nan ne ƙofar ɗakin kwana mai ƙarfi ke biyan kuɗinta. Tara iyali, kira maƙwabta, kira 117 na 'yan sanda ko 113 na jandarma (na 'yan kwana-kwana 118 ne), faɗi unguwa da wata alama da aka sani, kamar masallaci ko makaranta, tunda yawancin layukanmu ba su da suna. Ka kuma ajiye lambar ofishin 'yan sanda ko na jandarma mafi kusa da kai tun yau. Busa usur, kunna ƙararrawa. Ƙaramin ɓarawo da ya ji unguwa ta tashi gudu yake yi, kada ka tare masa hanya.

In kuwa sun riga sun tsaya a kanka da makami, ba su abin da suka nema. Kada ka ƙura musu ido, kuma ko ka gane wani kada ka kira sunansa, wannan kan sa a kashe mutum. Riƙe abin da za ka iya a kai: tsayi, harshe, tabo, ta inda suka bi.

Bindiga sai da izini, bisa dokar makamai ta 2016, kuma riƙe ta ba takarda laifi ne mai kai mutum gidan yari, har da ta gargajiya. Dokar hukunta laifuka, sashe na 84, ta yarda mutum ya kare kansa, amma daidai gwargwadon barazanar da kuma a lokacinta. Wanda ya juya yana gudu, ko wanda aka riga aka ɗaure, dukansa ba kare kai ba ne.

An riga an yi mana sata. Me ya kamata mu yi da safe?

Kada a share, kada a gyara, kada 'yan jaje su tattake sawu. Ɗauki hoton inda aka fasa. In waya na ciki, fara rufe layin da asusun kuɗin da ke kansa, sannan ka je ofishin 'yan sanda ko na jandarma ka shigar da ƙara a rubuce, da jerin kayan, ka karɓi takardar shaida. Nan lambar IMEI, wato lambar shaidar da kowace waya ke da ita, ke amfani: danna *#06# a kowace waya ta gidanka yau, ka rubuta lambar a takarda. Faɗa wa jauro ma, da masu gyaran waya da maƙeran zinari da ka sani.

Mutane suna cewa kai ƙara ɓata lokaci ne. Ba kullum ake samo kaya ba, gaskiya ne, amma ranar da aka kama wani da tarin kaya, mai takarda ne ake ba nasa. Doka kuma ba ta ɗauki abin da wasa ba: sashe na 318 ya tanadi ɗaurin shekara 5 zuwa 10 kan sata, sashe na 320 ya ninka shi idan an fasa, an haura, an yi amfani da makullin jabu ko makami, sashe na 324 kuma ya kama mai sayen kayan sata. Wayar araha da aka miƙo maka a tasha ba kwali ba rasit tana iya jawo maka wannan.

Kada a je wurin mai duba ya nuna wani. An raba zumunci da yawa ta haka, an kuma daki yaran gida da ba su ji ba su gani ba. In kana zargin wani, faɗa wa mai bincike shi kaɗai. Sannan a toshe inda aka shiga kafin dare, a canja duk makullin da ke cikin abin da aka ɗauka, domin wanda ya san hanya yakan dawo bayan 'yan makonni, lokacin da ya ƙiyasta an sayi sabon kaya.